Amaryar Kaka Direba

"Ba za ta je ba," in ji Mai Firji, mai gyaran firji, ya tokare ƙofa da hannu. "Yau ni zan fita da ita."

Kaka Direba yana tsaye a ƙasan matakala da doguwar igiyarsa, yaran gidan hayar sun kama ta a jere, kowa da ƙullinsa. Ƙullin farko, na bayan direba, babu kowa a kai. Na 'yar Mai Firji ne, ga ta nan a bayan ubanta, takalmi ɗaya a ƙafa, leɓe ya fara rawa.

"To, madalla," in ji tsohon. "Amaryata, yau an yi mini ƙwace. A dai dawo mini da ke lafiya."

Ya yi ham da baki, motar igiya ta tashi, ta bi layi zuwa lambun unguwa.

Tun da tsohon ya bar tuƙin bas, wannan ne aikinsa na kowace Asabar. Asabar kuwa ita ce ranar da firjin kowa ke tuna ya lalace, don masu shi suna gida. Mai Firji sai ya dawo da yamma liƙis, hannu duk baƙin mai, ya tarar da labari ɗaya: Kaka ya ce, Kaka ya yi, Kaka ya iya kukan agwagwa. Ya daɗe yana haɗiyewa. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ranar da yarinyar ta faɗi a matakala ta kurje gwiwa. Ya durƙusa ya buɗe hannu, ta zagaye shi kamar turmi, ta tafi ƙofar tsohon tana kuka.

"Kai yanzu da tsoho mai haƙori huɗu kake kishi?" matarsa ta tambaye shi.

"Wane kishi? 'Yata ce ko ba 'yata ba?"

Kishi ne, har da ɗoriya. Shi ya sa ya rufe shago ran nan, ya kai ta babban wurin wasa na tsakiyar gari, mai jirgin ƙasa na yara da dawakin roba masu zagayawa. Ba abin da bai ɗora ta a kai ba. Ta hau duka kamar mai shan magani.

"Uwata, yaya kika gani?" Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "Ai ya fi wancan lambu mai lilo biyu, ko?"

Ta kalli jirgin ƙasan. "Da Kaka ya zo, da shi zai tuƙa."

Askirim ya narke a hannunta, suka kama hanyar gida.

Sun tarar da yara zaune jugum-jugum a matakala, babu mai wasa. Tsohon ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar lambu, mai gadin wurin ne ya rako su gida. Bayan 'yan kwanaki a asibiti aka dawo da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, 'yar ƙaninsa ta zo jinya. Kusan kullum sai ta hau bene ta ƙwanƙwasa.

"Baba yana tambayar amaryarsa."

"A gaishe shi," in ji Mai Firji. "Yaro ba ya ganin irin wannan, sai ya tsorata."

Ba tsoro ba ne ya dame shi. A kwanakin nan yarinyar ta fara jiransa a bakin ƙofa, ta karɓi jakar kayan aikinsa tana ja a ƙasa, ta zauna a cinyarsa ba tare da an kira ta ba. Daɗin abin ya kama shi, kuma ya san sarai daga ina daɗin ya fito. Ya ji kunya, amma bai so ya ƙare ba.

Matarsa ce ta gaji. Tana ninke kayan wanki ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Mutumin nan fa tafiya zai yi. In ya tafi ba ta gan shi ba, kai za ta riƙe a rai. Sai ka ga da wa za ka yi gasar."

Da kansa ya sauko da ita. Ɗakin yana warin magani da man zafi, tsohuwar hular direba tana rataye a ƙusa, ƙaramin firji a lungu yana wani gurnani wanda kunnen Mai Firji ya gane nan take: ba zai kai wata ba. Tsohon ya rame, bakinsa ya karkace. Da ya ga yarinyar, rabin fuskarsa mai rai ya yi dariya.

"Amarya… kin bi saurayi… kin bar ni?"

Ta fizge hannunta daga na uban, ta haye gadon, ta kwantar da kai a kan hannun da ya mutu. Mai Firji ya tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ya zauna. Can tsohon ya juyo da ido gare shi.

"Ɗana… Asabar… kar su zauna a gida."

"To, Baba," in ji shi. A ransa kuwa cewa ya yi, mutum yana bakin kabari ma sai ya tsara mini yadda zan yi da 'yata.

Wata rana da hantsi tsohon ya rasu, Mai Firji yana saukowa da kwampiresar firji a kafaɗa ya ji kukan 'yar ƙanin. Ya ajiye ƙarfen a matakala ya ce Allah ya jiƙansa, kuma da gaske ya faɗa. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dai daina jiransa a bakin ƙofa.

Asabar ta zagayo, ya rufe shago ya kwashi yaran, suka bi layi a warwatse kamar awaki, yana ta daka tsawa. Bai taɓa shiga lambun ba. Lilo biyu ne da gaske, ɗaya ma ba wurin zama, sai wani dogon sulu na ƙarfe da yara ke zamewa a kai, fentinsa ya goge. Yarinyar ta nufi tsanin sulun ta hau har ƙoli, ta tsaya. Zuciyarsa ta tsinke, ya bi ta a guje, ƙato da shi, ƙarfe yana kuka a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya iske ta tana ɗaga hannu sama tana kaɗawa.

"Wa kike wa bai-bai?"

"Kai." Ta nuna. Can bayan rufin gidaje, ga fararen firji da suka mutu jibge a ƙofar shagonsa. "Kaka ya ce ba a sauka sai an gaishe da Abba, don yana can yana mana aiki."

"Ai ga ni nan, Uwata."

"Na sani."

Har gaisuwar da take yi masa ma, ashe tsohon ne ya koya mata.

Sai ta juya ɗaya gefen, inda benen gidansu ya leƙo ta bayan bishiyoyi, ta sake ɗaga hannu. Wannan ta daɗe tana kaɗawa, ya fi nasa daɗewa nesa ba kusa ba, ya lura da hakan sarai. Yaran da ke layi a ƙasa suka fara kiran a sauka. Ya kama gefen rigarta ta baya don kar ta faɗi, ya jira ta gama.