Laka a Kan Ramar Tobarak

Cikin dararen da zazzaɓi ya kwantar da Tobarak Mridha ne ya ji wannan ƙarar. Daga wajen kududdufin bayan gari take tahowa. Ɓul, sai shiru, can kuma sai ɓul, kamar wata ƙatuwar dabba tana haɗiyar loma ba tauna. Ba kukan dila ba ne, ba kuma tsallen kifi ba. Ya ce a ransa wataƙila ruwan ne ya gaji da warin kansa yake gyatsa. Ya yi yunƙurin tashi, ƙafafu suka ƙi, barci ya sake danne shi.

Shekarar nan damina ta yi wa mutanen Boalkandi rowa. Watan Srabon, wanda aka saba ruwa ya fi zuba a cikinsa, ya kusa ƙarewa, amma rafin da ake shiga da kwale-kwale awaki ne ke tsallaka shi. Rama kuwa ta yi kyau a gona, ta wuce tsayin mutum biyu, sai dai rama ba ta zama zare sai ta kwana ta tashi cikin ruwa har ɓawonta ya saki kara. Saboda haka duk unguwar ta tattaro dammunanta ta zuba a kududdufi guda, wanda marigayi mahaifin Tobarak ya haƙa. Rabinsa na Tobarak ne, rabin na ƙanensa Sekandar. Tun ranar da aka raba gado, ko sallama ba ta haɗa su sai a masallaci, can ɗin ma kowa da gefen sahunsa.

Tobarak ba shi da gona mai yawa, amma yana da suna. Zarensa in an shanya shi a kan gora sai ka ce an tsefe wa rana gashi. Dillalai a kasuwa ba sa kwance daurinsa su duba ciki. Kuma ba asiri ba ne. In ya jera dammuna a ruwa, yakan rufe su da kainuwa, ya ɗaure tsofaffin tubala da igiya ya danne su. Laka ba ta taɓa hawa ramarsa ba, kututturen ayaba ma haka. Mahaifinsu yakan ce laka da ayaba in suka yi aure a cikin ruwa, tawada suke haifa. Rabin garin sun san haka, amma suna yi, domin laka ga ta nan a bakin ruwa, tubali kuwa sai an ɗauko a ka.

Bana duk abin da ya noma yana cikin ruwan nan. Ya jera, ya kafa turaku, ya soma ɗaura tubala, sai sanyi ya shiga ƙashinsa da rana tsaka. Da ƙyar ya kai gida.

Ranar da ya iya miƙewa, ko shinkafar da matarsa Jobeda ta ajiye masa bai taɓa ba. Ya ɗauki sanda ya nufi kududdufi. Tun daga nesa warin ya tare shi, warin da baƙo kan toshe wa hanci, ɗan gari kuwa ya ji kamar an buɗe masa rumbu. Maza na cikin ruwa har ƙugu suna bugun zare, mata na zaune a gaɓa suna saɓule ɓawo daga kara, ana hira ana shewa. Jobeda tana cikinsu, tana taya wata maƙwabciya. Da aka hango shi, hirar ta mutu.

Ya tsaya a bakin ruwa ya duba inda turakunsa suke. Ba kainuwa, ba tubali. An shimfiɗa kututturan ayaba a kan dammunansa, an lafta musu laka baƙa, curi-curi, kamar kabarin da aka rufe da gaggawa. Nan take ya gane abin da ya ji a daren nan. Laka ce ake jefawa.

Ya yar da sandar ya faɗa ruwa da zanensa. Ya cusa hannu ƙarƙashi ya zaro kara guda, ya saɓule, ya ɗauraye. Zaren ya fito kamar tokar murhu da aka jiƙa. Ya sake ɗaurayewa, ya buga shi a kan ruwa, ya ɗaga wa rana. Ya zaro wani daga can tsakiya. Shi ma haka.

"Wane la'ananne ne?"

Ba wanda ya ɗago.

"Na ce wane ɗan banza ne ya binne mini rama da ranta? Kun kurmance? Ɗazu bakinku kamar kasuwar kifi!"

Daga can ɗaya ɓangaren, Sekandar ya matse zaren da ke hannunsa, ya jefa shi gaɓa, ya share fuska.

"Ni ne, Mia Bhai."

Sunan girman da ƙane ke kiran wansa ke nan, kuma an daɗe rabon da Tobarak ya ji shi daga bakin nan. Maimakon ya sanyaya shi, sai ya zama kamar an zuba wa wuta kananzir.

"Kai ne. To dama wa zai zama! Ka cinye gonar gabas bai ishe ka ba, ka biyo ni cikin ruwa. Ka ga na kwanta ka ce bari in shafa masa baƙi, in zarensa ya koma irin nawa sai mu zama ɗaya, ko?"

"Ramarka tasowa ta yi," in ji Sekandar. "Ta kumbura ta yi sama kamar cikin mushen saniya. Rabinta a rana, tana bushewa. Tambayi kowa a nan. Har hankaki ya sauka a kai yana hutawa."

"Ka bar ta ta bushe mana! Tawa ce ko taka?"

"In ta bushe wa zai iya saɓule ta? Itacen girki za ka kai kasuwa?"

"Gara itacen girki da wannan! Dubi!" Tobarak ya wurga masa curin zaren, ya faɗi tsakaninsu ya watsa ruwa. "Ko gemun tsohon bunsuru ya fi shi haske. Gida ɗaya muka tashi, hannu ɗaya ya mare mu a kan laka. Kai ba ka ji marin ba ne, ko kuncinka na ɓauna ne?"

Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari.

"Ina zan samo tubali cikin dare?" Sekandar ma muryarsa ta soma tashi. "Naka suna can ƙasan ruwa, igiyar da ka ɗaura da hannu mai rawa ta kwance. Kainuwa kuma, nuna mini ganye ɗaya da ya rage a garin nan bana. Na bar barcina, matsattsaku suka sha jinina har asuba, ga tabon nan. Abin da nake yi wa tawa shi na yi wa taka."

"Ai shi ne abin! Abin da kake yi wa taka! Shi ya sa dillali ke taɓa zarenka da ƙafa."

"Da ƙafar dai yake taɓawa, amma yaran gidana ba su kwana da yunwa ba."

"Kuma me ya hana ka zo da rana kamar ɗan halak, ka tsaya a ƙofata ka ce ga abin da ke faruwa? Sai cikin duhu kamar ɓarawon agwagwa?"

"Ƙofar da ka ce in na taka za ka karya mini ƙafa?"

Wannan magana ta ƙara tunzura Tobarak. Ya juya kan kututturan ayaba. Ya rungumi ɗaya ya ja, zazzaɓin da ya rage a jikinsa ya sa idonsa ya yi duhu, amma bai sake ba. Ya mirgina shi gaɓa. Ya koma ya jawo wani. Wasu samari suka matso za su kama masa, ya daka musu tsawa suka ja da baya. Laka na zubewa cikin ruwa, ruwan na ƙara baƙi, masu rama kusa da tasa suka fara gunaguni, ba wanda ya iya cewa ya bari. Kumfa na tasowa daga ƙarƙashin dammunan, ƙanana-ƙanana, kamar ramar na so ta faɗi wani abu ba ta da harshe.

Da ya fitar da na ƙarshe, ya hau gaɓa yana haki, ruwa na tsiyaya daga gemunsa. Ya ɗaga hannunsa mai laka sama don kowa ya gani.

"Ku shaida, ku duka. Wannan baƙin zaren ba zan ɓoye shi ba. A kan shingen da ke fuskantar ƙofarsa zan shanya shi, ya gani safe da yamma. Kuma wallahi, duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, ko igiya ya riƙe, ko fitila ya haska, ba zan ƙara shan ruwa daga hannunsa ba har in shiga ƙasa. Ko gawata kada ya taɓa!"

"Mia Bhai, janye rantsuwar nan," in ji Sekandar. Wannan karon a hankali ya yi magana. "Ni kaɗai na yi. Ka ce Sekandar, kada ka ce duk wanda."

"Na faɗa, na faɗa!"

A can gefe akwai tsoho Kalimuddi, maƙwabcin Tobarak na jikin shinge, wanda kunnensa ya yi nauyi har ba ya sanin ana faɗa sai ya ga an ɗaga sanda. Tun ɗazu ya bar kararen da yake ɗaurewa ya tsuguna kan kututturan da aka fitar. Yana kankare laka da farce, yana leƙen inda aka sara, yana gyaɗa kai kamar mai duba haƙorin akuya. Ya ɗago ya dubi Tobarak, ya dubi Jobeda, wadda hannunta ya tsaya cak a tsakiyar kara, zaren na reto.

"Baban Rahela," ya kira Tobarak da sunan 'yarsa, da ƙarfi irin na kurame, "ai na san ayabar nan. Mai jan ɓawo, a duk garin nan gida ɗaya ke da irinta. Ba ta bayan ɗakin girkinku ba ce? To wa ya sare ta ya miƙa wa Sekandar?"