Jar Rigar Tsuyako

"Ki ja cikin, Goggo," in ji Nonoka, mai kula da suturar 'yan fim, tana kokawa da zif.

"Tun safe nake jan sa, 'yar nan. Ya ce ba inda za shi."

Zif ɗin ya tsaya cak a tsakiyar baya. Tsuyako, mai shekara sittin da tara, ta yi shekara ashirin tana cashewa a wannan gidan rawa na birnin Osaka kafin a rufe shi. Yau an buɗe shi don ɗaukar fim a kan 'yan rawar zamanin da, ƙarfe tara na safe, an toshe tagogi da baƙin ƙyalle wai dare ne. An yi mata alkawarin hawa dandamali sau ɗaya cikin jar rigarta ta asali, mai duwatsu. Ita kuwa ta riga ta baza labarin a gidan wankan unguwa, musamman ga matan da ba sa ga-maciji da ita.

Matsalar ita ce rigar ta san Tsuyako mai kilo arba'in da takwas. Ta yanzu kuwa shekara talatin ke nan tana soya wainar kabeji, tana ɗanɗanawa tsakaninta da Allah.

Darakta Kuramochi ya leƙo, siriri kamar tsinken tsire. Ya dubi bayan Tsuyako, ya dubi agogo.

"Ba komai, Goggo. Za mu rage rigar a sa wa wata yarinya. Ke ki zauna a teburin baya cikin baƙaƙen kaya, za a ga kanki."

"Kaina? Ɗan nan, ba kaina ake cika gidan nan a zo gani ba."

Bai ma tsaya ji ba. Tsuyako ta tuɓe ta miƙa rigar, ta zauna a kan akwati. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta tuna Otone, telar gidan, tsohuwa mai baƙin baki wadda ta rasu tuntuni. Duk ranar awo sai ta tsikare ta da allura ta ce, "Ci dai, Tsuyako, ci. Ina nan ina kallon ki."

Nonoka ta farke shafin ciki don ta rage, sai hannunta ya tsaya.

"Goggo, zo ki ga wani abu."

A kowane gefe akwai yadi a naɗe, ya fi faɗin tafin hannu, an riga an jera masa duwatsunsa. Layukan farin zare sun ratsa shi, kowane da lamba a ɗinke: hamsin, sittin, saba'in.

"Awo ne?" in ji Nonoka.

"Shekaru ne." Tsuyako ta share hanci da bayan hannu. "Munafukar tsohuwa. Ashe tun ina 'yar ashirin da biyar ta gama da ni."

Nonoka ta saki yadin zuwa layin saba'in, ta ɗinke a gurguje. Zif ya haye har wuya ba gardama. Da Kuramochi ya dawo ya buɗe baki, Tsuyako ta juya ƙugu sau ɗaya, duwatsu suka watsa masa haske a fuska. Ya rufe bakinsa, ya ce a gyara fitilun dandamali.

Nonoka tana durƙushe tana cire ragowar zare ta ce, "Goggo, akwai sauran layi ɗaya a can ciki. Tamanin. In yanke, ya rage miki nauyi?"

Tsuyako ta shafa gefen rigar a hankali.

"Bar min shi a naɗe, 'yar nan. Ina nan tafe."