Taku Arba'in Daga Bishiyar Tuffa

Sau uku mutanen Topolnica, ƙauyen nan da ke maƙale tsakanin kogin Bug da daji, suka haƙa gonar dankali, sau uku suka tashi a tutar babu. Dagaci Zdzisław ya rantse haƙa ta huɗu ce ta ƙarshe.

Lokacin yaƙi Jamusawa sun bi coci-coci suna kwashe ƙararrawa su narkar su ƙera makamai. Ta Topolnica ta ɓace rana ɗaya, aka ce Walenty mai kaɗa ta ne ya sayar musu, shi kuwa an harbe shi a bakin gada kafin ya wanke kansa. Shekara saba'in 'yarsa Leokadia tana cewa binnewa ya yi, a kan idonta, taku arba'in daga bishiyar tuffa ta kan iyakar gona, wajen kogi. To, wa ke sauraron 'yar ɓarawo? Ko wajen haƙar ba a taɓa zuwa da ita ba, wai ta tsufa. Yau ita ta kawo kanta.

Zdzisław, dogo kamar falwaya, ya dafa bishiyar ya shiga zabga taku.

"Iya, ga arba'in ɗinki. Ramin bara dai na sake tararwa."

Leokadia ta dubi ƙafafunsa, ta tafa hannu don murna.

"Kai, haka kuke aunawa? Ni fa na ƙirga ran nan, sakarai! Shekarata bakwai!"

Ta jingina da bishiyar, ta fara takawa, 'yan ƙananan takun tsufa, daidai da na yarinya. Gari duka ya biyo ta yana ƙirgawa da ƙarfi. "Talatin da tara! Arba'in!" Ko rabin tafiyar dagaci ba ta kai ba.

Maza suka rufar wa wurin da shebur. Rami ya kai ƙugu, sai ƙarfe ya amsa, ƙwal! Ihu ya ɓarke, mata na kuka, wani tsoho har da rawa. Zdzisław ya cire hula, ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce a kawo igiya.

"Dakata," in ji Leokadia. "Wanda ya taɓa ce wa babana ɓarawo, shi kaɗai zai ja."

Dagaci ne ya fara kamawa. Kafin a jima, igiyar ba ta ishi hannuwa ba.