Wayar Dudu da Akwatin Auna Ruwa

…ba zafi ba ne. Kwana uku na shanya ɗan'uwansa a kan kwanon ɗaki a Yelwa, bai mutu ba. Ba batir ba ne. Ba ɓera ba. To mene ne?

Ɗan akwati a kan ƙarfe, a bakin tafki. Aikinsa ɗaya: ya auna ruwa, in ya kai jan layi ya tura saƙo a wayoyin mutanen tsibiri, su kwashe shinkafa da yara. Shekara huɗu yana yi. Sai na sabunta masa kanel, manhajar nan ta can ƙasa da ke ba kowane sashe umarni, tun daga ranar yake suma. Da rana tsaka, ba sallama. Ni na sabunta. Ni. In koma tsohon? Tsohon bai san sabon modem ba, sashen da ke tura saƙon, na da kuwa tsawa ta ƙone shi.

Jibrin mai jirgi ya nuna min a jikin sandarsa da safe. Ruwa ya ƙaru taƙi ɗaya tun jiya. Saura huɗu a kai jan layi… ko uku ya ce?

Canji dubu goma sha ɗaya tsakanin tsohon kanel da sabon. Ɗaya ne mai laifi. A raba biyu, a gwada, a yar da rabi, a sake rabawa. Gwaji goma sha huɗu, ƙarshenta ke nan. Amma yaya zan gwada abin da ya ƙi mutuwa a gabana?

Kai da ka rubuta canjin, ban san ka ba. Wataƙila layi huɗu ne, ka gyara wani abu, ka tashi ka sha shayi. Ba na jin haushinka. Irin wannan na'urar saura nawa ke aiki a duniya? Na tambaya a zauren masu gyara na intanet, mutum ɗaya ya amsa, ya ce tasa tana kwali shekara shida.

Innarmu tsaye cikin ruwa har ƙugu, tana lalubar damin shinkafa. Ina aji uku, na zo hutu. Ba wanda ya gaya mana. Ba ta yi kuka ba, sai ta ce in ɗaga littattafaina sama —

Bari. Fitilar akwatin koriya ce yanzu, yana raye. Tun hantsi nake kallon ta, idona har ya fara ruwa.

Ga Dudu mai banda, ƙamshin hayaƙin kifi ya riga ta isowa.

"Ke ɗiyar nan, mi kike biɗa cikin akwatinmu tun safe? Aljani ya shiga?"

Akwatinmu, ta ce.

Ta zagaya baya, ta ɗaga wani tsumma. Waya… waya ce a ƙarƙashi, da igiyarta a ramin gefe, ramin da na bari don aikina. Ta zare.

Fitilar ta mutu.

Tsaya. Tsaya, Rachel, kar ki yi ihu. Ramin gefe da modem hanyar wuta ɗaya suke sha. An zare waya, sabon kanel ya ga kamar ba kowa a hanyar, ya kashe ta don tattalin wuta, ya kashe har da modem. A teburina wa zai yi caji? A teburinka, kai mai canjin, wa zai yi? Shekara huɗu suna caji a nan, tsohon bai taɓa damuwa ba.

Abu mai sauƙi: in toshe ramin da gam. Minti biyu, in kama jirgin la'asar.

To wa ke goge gilashin solar? Ban taɓa tarar da ƙura a kai ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Wa ya kewaye ƙarfen da ƙaya saboda shanu? Na garin Shanga da ba a caji a jikinsa, wata biyar aka kwance shi. Kuma wayar da ba caji, saƙon me zai shiga cikinta?

A'a. Ba ramin zan gyara ba.

Yanzu ina iya kashe shi da hannuna, ke nan ina iya kama mai laifin. Rabin farko. Kwamfuta ta haɗa kanel mai rabin canje-canjen, in ɗora wa akwatin, in kunna. "Inna Dudu, don Allah sa, ki sake zarewa." Ya mutu. Rabin rabi. Ya rayu. Ta ja turmi ta zauna, tana dariya, wai yau ta zama injiniya, a rubuta sunanta a gaya wa Turawa. Zan rubuta kuwa. Zan aiko maka, kai mai canjin: ga layin, ga yadda ake kashe shi, wadda ta gano sunanta Dudu. Za ka amsa? Ina jin za ka amsa.

Gwaji na tara. Batirin kwamfuta saura kashi talatin, kifinta na jiran ta a kan wuta, ruwa na lasar gindin ƙarfen… saura gwaji biyar. Biyar kawai.

"In zare?"

Koriya ce. Hannunta na kan igiyar.

Zare, Inna.