Gicciye a Gefen Suna

Ni ke jera haruffan mujallar Uwargida Walburga von Elsenau, matar da ta mayar da gidan kakanninta masaukin mawaƙa da masu zane. Ba a buga shafi sai ta bi shi da jan alƙalami.

A wurinmu, sunan mamaci kaɗai ake sa wa ɗan gicciye a gefe. Ranar Talata da hantsi na kai mata shafukan gwaji, sai ga gicciye gefen sunan Kilian, mawaƙin da take riƙo kamar ɗan cikinta. Muna jiyo tarinsa daga bene.

"Wendelin, giya ka karya kumallo da ita?"

"Ranki ya daɗe, ban sa shi ba. Na duba jerin haruffan ƙarfen da na buga da su, babu shi a ciki."

Ta soke shi da ja. Na koma na sake bugawa. Gicciyen ya bar Kilian, ya koma shafin farko, gefen sunanta. Ta soke, ya koma kan yaron. Sau uku muna yi.

A karo na huɗu yana gefen sunanta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe alƙalamin.

"Shekarata saba'in, shi ko littafinsa bai gama ba. Buga haka."

"Ranki ya daɗe..."

"Kurma ne kai? Buga."

Na buga. Ranar Asabar mujalla ta fito, kuma zuwa lokacin babu kuskure ko ɗaya a cikinta, har gicciyen gefen sunan Uwargida ya zama gaskiya. Tarin Kilian ya tsaya.