Miyar Miyok Ranar Jarrabawa

A tsibirinmu na Wando kowa ya san abu biyu. Ranar zagayowar haihuwarka miyar miyok ake sha, ganyen tekun nan da ake ba mai jego. Ranar jarrabawa kuwa ko kallonta ba a yi, don santsi gare ta, sai ta zamar da mutum ya faɗi. Ni kuwa da rashin sa'a, ranar da na cika sha takwas ita ce ranar jarrabawar shiga jami'a.

Wata bakwai ke nan da rasuwar Umma. Abbana injin jirgin ruwa yake gyarawa, ko shinkafa bai iya dafawa ba sai ta kama. Na fito da safe da jakata, sai ga shi sanye da rigar girkin Umma, wadda ko cikinsa ba ta rufe ba, ya ajiye kwano yana tururi.

"Miran, zauna ki sha da zafinta."

Na leƙa kwanon, raina ya ɓaci.

"Abba, miyok? Yau? So kake in faɗi?"

"Au," ya ce, ya dafe goshi. "Ni ranar haihuwarki kawai na..."

"Iyayen kowa alewa mai danƙo suka saya musu don amsa ta manne. Da Umma na nan da ba ta yi wannan shirmen ba!"

Na ture kwanon, miya ta zube har kan silifas ɗinsa. Tsumma ya ɗauko.

Na ci jarrabawa, na tafi birnin Seul, na kuma yi shekaru ina gaya wa ƙawaye labarin muna dariya. Kullum ina cewa in na je gida zan ba shi haƙuri, in na je sai bakina ya yi nauyi. Shi ma bai taɓa tayar da maganar ba.

Da na haihu, ya zo da busasshen miyok mai tsawon mutum, rungume a ƙirji. Na mai jego ba a lanƙwasa shi, don haka a kan cinya ya riƙe shi tun daga Wando.

"Abba, kai za ka dafa mini," na ce.

Ya yi dariya, ya miƙa wa surukata. "Ina! Ni aikin baƙin mai kawai na iya. Ai na manta yadda ake yi."

Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi.

Bara ya rasu. Muna kwashe kayan kicin ni da ƙanwarsa, Gwaggo Sunja, na ciro wata ƙaramar tukunya da gindinta ya yi baƙi.

"Tukunyar miyok ɗinsa ke nan," in ji ta. "Sati guda ya yi yana zaryar gidana kafin jarrabawarki, sai da ya ƙona mini tukwane biyu, ɗan banza."

"Ya ce mini ya manta."

Gwaggo ta harare ni. "Ya manta? Shekara goma sha huɗu, duk ranar haihuwarki sai ya dafa. Ya zuba kwano biyu, ya zauna jiran wayarki. Har ya fi ni iyawa."

Na riƙe tukunyar na kasa ajiyewa. Ina kiransa a ranar, gaskiya ne, minti biyu ko uku, in ce ina sauri. Ko sau ɗaya ban tambaye shi me ya ci ba.