Gobara a Injin Hagu

Tun da kamfanin jiragen sama ya kira Mutiso ganawar neman aiki, matarsa Kavata ta rasa sakat a gidansu na Rongai. In ta ce ya miƙo gishiri, sai ya ce, "Na ji, gishiri, ga shi nan tafe," kamar mai amsa wa hasumiyar filin jirgi. In tana tuƙa tuwon ugali, yana tsaye a bayanta yana bayanin yadda iska ke sakin fiffike idan hancin jirgi ya ɗagu fiye da kima. Ya daɗe yana tuƙa ƙananan jirage masu kai baƙi kallon namun daji, yanzu babban jirgi yake nema, tsoron tambayoyi kuma ya hana shi zama.

Ranar tafiya Kavata ta gyara masa wuyan riga ta ce, "Allah ya sa su ɗauke ka, ko kunnuwana su huta."

A tasha ya haɗu da Awino, wadda suka yi makarantar tuƙi tare, ita ma ranar aka kira ta. Suka shiga matatu, ƙaramar bas ta haya, mai zuwa cikin Nairobi, suka samu kujerar baya. Kiɗa na tashi har gilasai na rawa, ga gosulo a hanyar Langata.

"Zo mu yi bita," in ji Awino, tana ɗaga murya saboda kiɗan. "Me ya sa jirgi ke cin titi mai tsawo a Nairobi fiye da Mombasa?"

"Muna kan tudu, iska ba kauri. In rana ta yi zafi abin ya ƙaru. Fiffike ba ya samun abin kamawa, inji ma ƙarfinsa ya ragu."

"Ashe kan nan naka gashi kaɗai ya rasa, akwai abin da ya rage a ciki. To, kana gudu a titi, ka wuce gudun yanke shawara, inji ɗaya ya mutu?"

"Ba tsayawa. Tashi zan yi."

"Me?"

"Na ce ba tsayawa!"

Awino ta cika ƙirji don ta jefa masa babbar tambaya. Daidai nan direba ya kashe kiɗa zai amsa waya. Cikin shirun da ya sauka, muryarta ta fito tar:

"Wuta! Injin hagu ya kama da wuta!"

Mutiso kuwa, da ya haddace amsar har cikin barci, ya rufe ido ya ɗauka da ƙarfi: "A riƙe tuƙi tukuna! A tabbatar wane inji ne! A rage masa ƙarfi, a datse mai, a ja hannun gobara, a fesa!"

Da ya buɗe ido, rabin motar ba kowa. Kwandasta ne ya fara dira, bai ko waiwayi fasinja ba. Wani mai kwat ya bi ta taga, ƙugunsa ya maƙale, ƙafafunsa na harbin iska. Wata dattijuwa mai buhun kabeji tana ta kiran Yesu, amma ta ƙi sakin buhun, ita da shi suka toshe ƙofa.

"Mama, ki tsaya! Baba direba, bita muke yi!" Mutiso ke faɗi, ba mai jinsa.

Direban ya riga ya fizgo tukunyar kashe gobara daga ƙarƙashin kujera. Ya ɗaga murfin inji bai ga hayaƙi ba, sai ya zagayo ya leƙo ciki.

"Ina wutar? Wa ya ce hagu?"

Awino ta ɗaga hannu a hankali, kamar 'yar firamare. Direba ya juyo, ya matsa tukunyar bai sani ba. Farin gari ya turnuƙe kujerar baya, ya wanke su biyun daga kai har takalmi.

Da ƙura ta lafa aka gane zancen, dattijuwar ta dubi Mutiso sama da ƙasa.

"Ɗana, matatu inji nawa gare shi?"

"Ɗaya, Mama."

"To na hagun na uban wa ne?"

Direba ya rantse ba za su ƙara taku ɗaya a motarsa ba. Babur biyu suka hau, iska na kaɗe garin yana bin bayansu kamar hayaƙi.

A ofishin kamfanin, Mutiso ya shiga gaban kyaftin uku yana tari, girarsa fara fat. Babbarsu, Kyaftin Chebet, ta sauke tabarau.

"Malam Mutiso, daga gidan burodi kake?"

Ya yi niyyar ƙirƙiro wani abu, ya ga ba shi da ƙarfin ƙarya, sai ya faɗi yadda aka yi. Na gefen dama ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na girgiza. Kyaftin Chebet ta daure ta ce, "To da ka ba da umarnin, an datse man?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ma'aikacin cikin jirgin ne ya fara gudu."

Nan ita ma ta fashe. Sai da suka share hawaye sannan aka shiga tambayoyi na gaske: ƙanƙara a fiffike, iskar da ke juyawa farat ɗaya dab da sauka, man da doka ta ce a ajiye don filin ko-ta-kwana. Tsoron ya riga ya fita tare da tarin, amsoshi suka yi ta zuwa masa a natse. Ɗaya ce ta kuɓuce masa, ya ce bai sani ba, aka wuce.

Da Awino ta shiga bayansa, fara fat ita ma, tun kafin ta zauna ya jiyo dariya ta bango.

Duk su biyun aka ɗauka. Matsalar da ta rage ita ce direbobin matatu na Rongai, waɗanda labari ya zaga cikinsu tun kafin yamma. Har Mutiso ya gama horonsa, in ya zo tasha da kakinsa sai kwandasta ya tare ƙofa ya ce, "Kyaftin, gaba za ka zauna kusa da direba. Kuma ka kama bakinka har mu isa."